Fatsar da Ba a Sa Mata Tana

Tambaya: Malam, na ga wani bidiyo, Bature tsaye cikin teku ruwa iya gwiwa, yana kaɗa zare a sama kamar mai bulala. Da ya kama kifin kuma sai ya sake shi. Wane irin su ne wannan? Daga wani mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, fatsa ce, amma ba irin wadda na saba da ita a tafkin Jabi ba, inda nake soka tana in zauna jiran tarwaɗa. Masu wannan fatsa gashin tsuntsu da zare suke ɗaura wa ƙugiya har ta yi kama da jatan lande ko ƙaramar ƙaguwa. Ba ta da nauyi, don haka zaren fatsar ne mai nauyi, shi ya sa ka ga ana kaɗa shi kafin a jefa.

Kifin da aka fi nema a irin wannan ruwa shi ne wanda Turawa ke kira bonfish, a tsibiran Bahamas da Seshel da gaɓar Fulorida. Idan ruwa ya fara cikowa yakan hau fili mai farin yashi yana tonon abinci, kai a ƙasa, wutsiya a waje. Jikinsa kamar madubi, sai dai ka hango inuwarsa, kuma ƙugiya ta faɗi da ƙarfi ya yi layar zana. In ya haɗiye kuwa, sai ka ji zare na ƙugi.

Sakinsa da ake yi, ƙaya ce ta yi masa yawa, ga kuma kiyaye irinsa. Ni dai da na dawo gida hannu rabbana, uwargida ba za ta saurari wannan bayani ba.