Shin da gaske mabiya addinin Hindu saniya suke bauta wa?

Malam, ka tambaya ko saniya ce abin bautarsu. A wurinsu dabba ce mai tsarki, kamar uwa saboda nononta, shi ya sa galibinsu ba sa cin namanta. Amma ibadar yau da kullum, wato puja, allolinsu irin su Vishnu da Shiva ake yi wa, kuma da yawa na ganin waɗannan siffofi ne na haƙiƙa ɗaya, Brahman. Sun yi imani rai yana ta sake dawowa duniya gwargwadon aikinsa, karma ke nan, har ya samu kuɓuta.

Kada ka ɗauka kowane Ba'indiye Hindu ne; a ƙidayar 2011 kusan kashi 14 cikin 100 Musulmi ne. Finafinan Indiya ma ba ma'auni ba ne. Kan littattafan Veda kuwa, wato tsoffin littattafansu masu tsarki, gara ka tuntuɓi malamin nazarin addinai a jami'a.