Tambaya da Amsa: Shin Satifiket na Kwalejin Al'umma a Amurka Yana Kai Ɗalibi Jami'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana ya kammala sakandare da sakamako mai kyau a jarrabawar WAEC, sai ƙanena da ke zaune a Amurka ya ba da shawarar a fara sa shi a kwalejin al'umma (community college, makarantar gaba da sakandare ta shekara biyu) ya yi satifiket na shekara ɗaya, daga nan ya wuce jami'a ya yi digiri a fannin kwamfuta, wai hakan ya fi sauƙin kuɗi. Shin wannan hanya tana ɓullewa, ko kuwa yaron zai yi asarar shekara ne kawai?
Daga wani mahaifi, unguwar Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya albarkaci karatun yaron. Shawarar ƙanenku tana da tushe, amma akwai wurin da ya kamata ku tsaya ku bincika kafin ku fitar da ko sisi, wato irin satifiket ɗin da za a sa shi ya yi.

A nan gida mun saba da cewa takarda ce ke shigar da ɗalibi. Wanda ya sami NCE a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko difloma ta ND a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, yakan cike fom ɗin shiga kai tsaye na hukumar JAMB, idan an ɗauke shi ya fara daga aji biyu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A Amurka ba sunan takardar ake dubawa ba, darussan da ke cikinta ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Kowane darasi yana da nauyinsa na kiredit, wato ma'aunin yawan karatun da ke cikinsa, yawanci uku. Digirin farko yana buƙatar kimanin kiredit 120, ƙaramin digirin shekara biyu na kwalejin al'umma kuwa kimanin 60, kuma jami'ar da ɗalibi zai koma ita ce ke da ikon cewa ta karɓi wannan darasi, ta ƙi wancan.

Satifiket a waɗannan kwalejoji iri biyu ne, ko da yake ana kiran su da suna ɗaya. Akwai na sana'a, kamar walda, gyaran na'urar sanyaya ɗaki ko haɗa layukan sadarwar kwamfuta, wanda aka tsara domin mutum ya fita neman aiki da wuri. Karatu ne mai amfani, sai dai sau da yawa jami'a ba ta lissafa darussansa cikin sharuɗɗan digiri, ko kuma ta karɓe su a matsayin darussan zaɓi waɗanda ba sa rage wa ɗalibi tafiya sosai. Abin da nake jin tsoro a batun ɗanku ke nan, domin fannin kwamfuta cike yake da irin waɗannan gajerun kwasa-kwasai masu suna mai jan hankali, alhali digirin kimiyyar kwamfuta lissafi mai zurfi yake nema tun daga shekarar farko.

Iri na biyu shi ne wanda aka gina musamman domin komawa jami'a, kuma ya ƙunshi darussan share fage da ake wajabta wa kowane ɗalibi: rubutun Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi da nazarin zamantakewa. A jihar Teksas wannan rukuni kiredit 42 ne, kuma wanda ya kammala shi a kwalejin gwamnati dole jami'ar gwamnati ta jihar ta karɓe shi a dunƙule. A Minesota kiredit 40 ne. Kalifoniya kuwa ta koma tsarin darussan share fage da ake kira Cal-GETC tun daga 2025, wanda manyan rukunan jami'o'in gwamnatinta biyu suka amince da shi. Ku lura cewa duk waɗannan yarjeniyoyi na cikin jiha ne, idan yaro ya yi karatu a Teksas ya nemi jami'a a wata jihar, to an koma ƙirga darasi ɗaya-ɗaya.

A ganina shekara ɗaya ta yi kaɗan. Ya fi dacewa ya shiga ƙaramin digirin shekara biyu na masu niyyar wucewa jami'a, wato AA (Associate of Arts) ko AS (Associate of Science), ya tattara satifiket ɗin share fagen a kan hanya, ya kuma kauce wa mai suna AAS (Associate of Applied Science), domin shi ma na masu shiga aiki ne. A Filorida wanda ya kammala AA a kwalejin gwamnati yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga jami'o'in jihar, ko da yake ba lallai ba ne ya zama wadda ya zaɓa ko fannin da yake so. Yawancin jami'o'i ba sa karɓar darasin da aka ci da ƙasa da makin C, haka nan darussan gyaran Turanci ko lissafi da ake sa wanda bai ci gwajin shiga ba, ana biya musu kuɗi amma ba sa shiga lissafin digiri.

Game da kuɗi, gaskiya ne kwalejin ta fi jami'a araha, amma ɗalibin ƙasar waje ba ya samun rangwamen kuɗin makaranta da ake yi wa 'yan jiha, kuma ba ya samun tallafin gwamnatin tarayyar Amurka. Bizar ɗalibai ta F-1 tana buƙatar takardar shaida mai suna I-20 daga makarantar da aka amince mata ta ɗauki baƙi, da kuɗin rajistar SEVIS (tsarin rajistar ɗaliban ƙasashen waje) dala 350, da ɗaukar aƙalla kiredit 12 a kowane zango. Ƙa'idojin biza ga 'yan Najeriya sun tsananta tun daga 2025, don haka ku tuntuɓi cibiyar ba da shawara kan karatu a Amurka ta EducationUSA da ke Abuja kafin ku biya kuɗin makaranta.

Ku roƙi ƙanenku ya fara zaɓen jami'ar da ake so yaron ya ƙare a cikinta, ya samo jerin darussan kwalejin da sashen kwamfuta na jami'ar ya amince da su a rubuce, sannan a yi wa yaron rajistar zango na farko bisa wannan jerin.