Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Waya Za Ta Taimaka Wajen Zaɓen Otal a Makka Idan Kwanakin Kaɗan Ne

Tambayoyin da muka zaɓo a wannan karon sun fito ne daga masu shirin tafiya Umara, waɗanda za su yi kwana biyu ko uku a Makka, kuma suka rasa yadda za su bambance otal-otal ɗin da suka yi kama da juna a fuskar waya.

Tambaya, daga wata baiwar Allah a Zariya: Malam, ina shirin raka mahaifiyata Umara, kuma kwana uku kacal za mu yi a Makka kafin mu wuce Madina. Kamfanin jirgin yawon da ke nema mana biza ya turo mini sunayen otal uku ta WhatsApp. Kuɗinsu kusan ɗaya ne, dukkansu masu tauraro huɗu ne, kuma kowanne an rubuta cewa tafiyar minti biyar ce zuwa Harami. Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa. Ta yaya zan gane wanda ya fi dacewa da mu?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya sa ku yi karɓaɓɓiya. A halin da kuke ciki, abin da zai raba waɗannan otal uku shi ne hanyar da za ku riƙa takawa zuwa masallaci, domin wanda zai yi kwana uku ɗakin kwana da wanka kawai yake bukata, sauran lokacinsa duk a Harami yake ƙarewa. Taurari huɗun da kika gani matsayi ne da ake bai wa otal bisa kayan da ya tanada, kuma ba su cewa komai game da nisa ko tudu.

Ki fara da neman kamfanin ya turo miki wurin kowane otal a taswira, wato alamar nan da ake latsawa ta buɗe a Google Maps. Suna kaɗai bai isa ba, saboda a Makka akwai otal-otal da yawa masu suna iri ɗaya ko kusa da juna, ɗaya yana bakin Harami, ɗan'uwansa kuma yana Aziziyya, inda sai an shiga mota an bi ta ramin dutse kafin a iso. Idan wurin ya buɗe, ki latsa neman hanya, ki zaɓi hoton ɗan mutum mai tafiya a ƙasa maimakon hoton mota, sannan a wurin da ake rubuta inda za a je kada ki tsaya a kan sunan masallacin gaba ɗaya. Ki rubuta sunan ƙofa guda, kamar Ƙofar Sarki Abdul'aziz da ke fuskantar dogon benen agogo, ko Ƙofar Sarki Fahad mai lamba 79 da ke ɓangaren titin Ibrahimul Khalil. Harami yana da faɗi ƙwarai, kuma mai tallan otal yakan ƙirga mintinsa biyar ne zuwa gefen farfajiya, alhali daga nan zuwa wurin ɗawafi akwai wata tafiyar.

Lokacin da taswirar za ta nuna miki lissafi ne na mai cikakkiyar lafiya da ke cin kusan kilomita 5 a awa ɗaya a hanyar da babu cunkoso. Ga dattijuwa mai ciwon gwiwa, shawarata ita ce ki ninka shi biyu, sannan ki ƙara wani abu saboda turmutsutsun da ake yi bayan an idar da salla. Ki kuma yi wannan lissafin da kanki: otal mai nisan mita 800, zuwa da dawowa kilomita 1.6 ke nan, idan kuma aka yi haka a salloli biyar ya zama kilomita 8 a yini. Mai nisan mita 400 rabin haka ne. Ki tuna cewa sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kusan kilomita 3, ban da ɗawafi, don haka ƙarfin ƙafar Mama abin tattali ne.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne tudu. Masallacin yana cikin kwari ne, duwatsu sun kewaye shi, kuma wasu otal-otal na ɓangaren Ajyad suna kan hawa, ta yadda zuwa salla gangara ce mai sauƙi, dawowa kuma hawa ne a lokacin da aka riga aka gaji. Idan kika jawo bayanin hanya sama a manhajar, sau da yawa za ki ga an nuna ko hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ko kuma mita nawa za a hau da mita nawa za a sauka. Ki kuma juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan'adam ki bi hanyar da idonki, ki duba ko akwai babban titi da za a tsallaka, ko gada, ko matakala. Ni a ganina mita 600 a shimfiɗe sun fi mita 400 masu hawa ga mai ciwon gwiwa, balle idan za a tura ta a keke.

Idan ɗaya daga cikin ukun ya ce yana da motar kai mutane Harami kyauta, ki tambayi inda motar ke sauke fasinja, ki auna daga can zuwa ƙofa kamar yadda kika auna sauran, domin ana rufe hanyoyin da ke kusa da masallaci a lokutan salla kuma motocin suna tsayawa ne a tashoshin da aka ware musu. Wannan aikin za ki maimaita shi a Madina, sai dai can ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kuma abin lura shi ne sassan sallar mata suna ta ɓangaren arewacin masallacin, saboda haka otal ɗin da ke arewa ya fi muku sauƙi.

Tambaya, daga wani malamin makaranta a Gombe: Na duba otal guda, Google ya ba shi 4.3, Booking.com kuma ya ba shi 7.6. Wanne zan yarda da shi?

Amsa: Malam, ma'aunin biyu ba ɗaya ba ne. Google yana ƙirgawa ne a kan 5, Booking.com kuma a kan 10, sannan masu ba da makin ma sun bambanta. A Google duk mai asusu yana iya rubuta ra'ayinsa ko da abinci kawai ya ci a wurin, ko ma bai taɓa shiga ba, yayin da Booking.com ke neman ra'ayi daga waɗanda suka kama ɗaki ta shafinsa. Saboda haka na fi ba na biyun nauyi, ko da yake babu shafin da ya tsira gaba ɗaya daga ra'ayoyin bogi.

Sai ka dubi yawan waɗanda suka ba da makin. A misali, otal mai 8.3 daga mutum dubu uku ya fi ba ni natsuwa a kan mai 9.0 daga mutum arba'in, domin mutum arba'in ana iya tara su daga ma'aikata da abokai. Amma aikin da ya fi amfani shi ne ka bar makin ka shiga cikin ra'ayoyin, ka canza jerinsu zuwa mafi sabunta, ka karanta na watanni uku ko shida da suka wuce. Otal yakan canza masu gudanarwa, ko a fara gini a maƙwabtansa, kuma tsohon maki ba zai nuna maka wannan ba. Akwai ɗan akwatin bincike a saman ra'ayoyin, inda za ka rubuta kalma guda ka ga duk wanda ya ambace ta. A Makka kalmar da nake fara nema ita ce ta lifta, da Turanci ko da Larabci, saboda otal-otal ɗin dogayen benaye ne, kuma idan lokacin salla ya gabato kowa yana son sauka a lokaci guda. Idan mutum biyar da ba su san juna ba suka koka cewa sun daɗe suna jiran lifta, to kusancin otal ɗin ya ragu ke nan, kuma ya kamata ka nemi ɗaki a hawa na ƙasa-ƙasa tun kafin ka iso. Bayan wannan sai ka nemi ruwan zafi, da na'urar sanyaya ɗaki, da hayaniya. Kada ka tsallake ra'ayoyin da aka rubuta da Larabci, ko harshen Indunusiya, ko na Turkiyya, ko Urdu, domin akwai maɓallin fassara a ƙarƙashinsu, kuma masu rubuta su Umara suka je yi kamar kai, bukatunku iri ɗaya ne.

Game da hotuna kuwa, ka fi mai da hankali ga waɗanda baƙi suka ɗauka da wayoyinsu, musamman na banɗaki da na abin da ake hangowa ta taga. Hotunan da otal ya ɗora da kansa na ɗakin da ya fi kyau ne, kuma da madubin kyamara mai faɗaɗa wuri ake ɗaukarsu.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Kano: Me ya sa kuɗin ɗaki ɗaya yake bambanta tsakanin wayata da kwamfutar ofis, kuma idan na zo biya sai ya ƙaru?

Amsa: Alhaji, bambancin farko da gangan ake yin sa, domin shafukan suna da rangwame na musamman ga masu amfani da manhajar waya da kuma waɗanda suka shiga da asusunsu. Ƙarin da kake gani a ƙarshe kuma yawanci haraji ne. Saudiyya tana karɓar harajin kashi 15 cikin 100 tun watan Yulin 2020, akwai kuma kuɗin hukumar birni, kuma wani shafin yana haɗa su a farashin farko, wani sai a shafin biya. A misali, ɗakin riyal 400 ba tare da haraji ba zai zama 460 da wancan harajin kaɗai, ka ga ya wuce ɗakin riyal 450 da aka riga aka haɗa komai. Saboda haka ka kai kowane otal har shafin ƙarshe kafin biya, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka gwada jimillar da jimilla, da yawan mutane iri ɗaya da ranaku iri ɗaya. Ka bar kuɗin a riyal, wanda darajarsa take a tsaye a kan 3.75 ga dala ɗaya, domin naira da shafin ke nunawa ƙiyasi ne, bankinka ne zai yanke ainihin canjin. Ka kuma tambayi bankin iyakar abin da katinka zai iya biya a ƙasar waje.

Ɗakin da ya fi araha sau da yawa shi ne wanda ba a mayar da kuɗinsa idan an fasa. Wanda bizarsa ba ta fito ba, ko jirginsa zai iya ɗagawa, gara ya ƙara kaɗan ya ɗauki mai damar sokewa, ya kuma rubuta ranar da damar za ta ƙare. Ka duba lokacin ba da ɗaki, domin otal-otal da yawa a Makka sai da la'asar suke miƙa makulli, kuma wanda ya sauka Jidda da tsakar dare zai iya zama a zauren karɓar baƙi har wannan lokacin idan bai kama daren da ya gabata ba. A zama na kwana uku wannan asara ce babba. Kafin ka biya da kanka, ka tuntuɓi wanda ke nema maka biza, saboda tun tsakiyar 2025 Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya ta ɗaura bayar da bizar Umara a kan masaukin da aka yi wa rajista ta tsarin Nusuk, wato dandalin intanet na ma'aikatar.

Tambaya, daga wata ma'aikaciyar jinya a Sakkwato: Bayan na kama ɗaki, sai saƙo ya shigo da sunan otal ɗin cewa in latsa wani adireshi in tabbatar da katina cikin awa 24, in ba haka ba za a soke. Saƙon yana ɗauke da sunana da ranakun tafiyata daidai.

Amsa: Hajiya, kada ki latsa. Wannan damfara ce da ta yaɗu tun 2023. Ɓarayin suna sace kalmar sirrin da ma'aikatan otal ke shiga shafin kama ɗaki da ita, daga nan su ga sunayen baƙi da ranakunsu, su turo saƙon ta WhatsApp ko imel, wani lokaci ma ta cikin manhajar kanta, wanda shi ya sa yake kama da gaskiya. Alamarsa ita ce gaggawa da barazanar sokewa, da kuma neman lambar kati, da lambobi ukun da ke bayansa, da lambar da banki ke turowa ta saƙon waya. Ki buɗe manhajar da kanki ki duba matsayin ɗakin, ki kira otal ɗin ta lambar da ke cikin takardar tabbatarwa ta asali, sannan ki kai rahoto ga sashen kula da abokan hulɗa na shafin. Idan kin riga kin shigar da bayanan, ki toshe katin nan take ta manhajar bankinki ko ki kira su, ba sai gari ya waye ba.

Tambaya, daga wani matashi a Maraɗi: Otal biyu duk sun rubuta Wi-Fi kyauta. Akwai hanyar sanin wanda ya fi ƙarfi?

Amsa: Ɗan'uwa, Booking.com yana ware wa Wi-Fi makinsa daban a ƙarƙashin babban maki, ka duba shi, ka kuma bincika cikin ra'ayoyi ko yana kaiwa ɗakuna ko a zauren ƙasa kawai yake aiki. Idan ka isa, ka buɗe shafin fast.com, mai auna saurin intanet, a cikin ɗakin ka gwada. Megabit 2 ko 3 a daƙiƙa sun isa kiran bidiyo zuwa gida. Sai dai ban ga dalilin da wannan zai zama abin da zai yanke maka zaɓi ba, tunda a masallaci za ka wuni, inda Wi-Fi na otal ba ya kaiwa. Layin STC, ko Mobily, ko Zain da za ka saya da fasfo a filin jirgin Jidda zai fi maka amfani, kuma da shi za ka buɗe manhajar Nusuk a lokacin da aka nemi ganin izinin shiga Rauda a Madina. Tun kana gida ka sauke taswirar Makka a Google Maps domin ta yi aiki ko babu data, ka kuma ajiye wurin otal ɗinka a cikinta. Akasarin soket a otal-otal na Saudiyya mai baki uku ne irin na Najeriya, saboda haka kai da ke zuwa daga Nijar da caja mai ƙafa biyu zagayayyu sai ka sayi adafta kafin ka tashi.