Samari sun fito agajin ambaliya, ta ina za a fara tsara su?

Tambaya: Malam, bara ruwa ya ci unguwarmu a Haɗeja. Samari sun fito da yawa don taimako, amma kowa abin da ya ga dama yake yi, har wani ya kusa nutsewa. Bana muna so mu shirya tun da wuri. Yaya ake tsara 'yan sa-kai?

Amsa: Ɗan'uwa, ku fara da littafi da biro, tun kafin damina ta kankama. Duk wanda zai shiga aikin, a rubuta sunansa, unguwarsu, lambar wani nasa, da abin da ya iya. Wannan na ƙarshe shi ne jigo. Tambayi yaro ko ya iya iyo, zai ce maka e don kada abokansa su yi masa dariya. Shi ya sa aikin cikin ruwa na masunta ne da masu kwalekwale, kuma a bar sarkin ruwa ya zaɓi mutanensa. Ruwan ambaliya yana ɓoye rijiya, shadda da wayar lantarki. Maiduguri ta ga haka a Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle.

Sauran kuma aiki na jiransu a tudu: rajistar waɗanda suka rasa matsuguni, rabon abinci, ɗebo ruwa, gadin kaya. A kasa su biyar biyar ko shida shida, kowane rukuni da shugaba ɗaya, a san lokacin da suka fita da lokacin da suka dawo. Wanda ya kwana aiki a tura shi ya yi barci, ko da ya ƙi.

Sabon zuwa kada a ba shi aiki sai an zauna da shi, ko na minti goma ne: ga shugabanka, ga wurinka, ka wanke hannu da sabulu domin amai da gudawa na bin bayan ambaliya, ban da ɗaukar hoton mutane a halin da suke ciki. Kuma ku nemi mata. Akwai buƙatun da mace ba za ta faɗa wa saurayi ba.

Kada ku kafa hukumar kanku. Ku kai littafin nan ga mai unguwa, daga nan a gabatar da ku ga SEMA, wato hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, da reshen Red Cross, su ne ke koyar da taimakon farko. 'Yan agajin masallatai ma sun saba da tsari da bin umarni, ku raba musu shugabancin wasu rukunonin.