Me ya sa kyamarar infirared ta yau da kullum ba ta isa ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya hana a sa kyamarar infirared (wani haske da ido ba ya gani) da aka saba da ita ta riƙa gyara rawar da iska ke yi wa hasken taurari. Matsalar sauri ce. Iska na sauya fasali cikin 'yan milisakan, don haka sai na'urar ta auna hasken kusan sau 1000 a daƙiƙa, ta umarci madubi mai lanƙwasuwa ya gyara. A wannan ɗan ƙanƙanin lokaci, ƙwayoyin hasken da ke isowa kaɗan ne ƙwarai, kuma hayaniyar lantarkin da ke tashi yayin karanta na'urar sai ta binne su.

Nan SAPHIRA, na'urar auna hasken infirared ta kamfanin Leonardo, ta yi fice. Da makuri da kadmiyom da teluriyom aka ƙera ta, tana ninka ilektoron ɗaya ya zama da yawa tun kafin a karanta, sai hayaniyar ta zama ba komai ba. Fiksel 320 sau 256 ne kacal, amma a ganina sun wadatar ga wannan aiki.

GRAVITY, na'urar nazarin taurari da ke Paranal a Chile, na amfani da ita wajen duba tsakiyar Milky Way, wato babban tarin taurarin da ranarmu ke ciki, domin ƙura ta tare hasken da ido ke gani daga can, amma infirared na ratsowa.