Na yi fihirisa, me ya sa ORDER BY ke jan ƙafa?

Tambaya: Malam, ina da teburin ciniki a PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, na kuma yi masa fihirisa (index) a kan rana. Amma duk sanda na nemi cinikin kwastoma ɗaya, guda 20 na baya-bayan nan, sai na yi ta jira. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, fihirisarka lafiya lau take, sai dai jerinta bai dace da abin da kake nema ba.

Fihirisar da PostgreSQL ke yi idan ba ka zaɓi wata ba ita ce B-tree, wadda ke ajiye bayanai a jere tun farko. Idan jerin ya yi daidai da ORDER BY ɗinka, wato umarnin jera sakamako, rumbun bayanan zai bi ta kawai, daga sama ko daga ƙasa, ya tsaya da zarar 20 sun cika. Taka kuwa rana kaɗai ta sani. Dole ya bi cinikin kowa yana tsintar na mutum ɗaya, ko kuma ya karance teburin duka sannan ya jera da kansa.

Maganin shi ne fihirisa mai haɗe biyun: CREATE INDEX ON ciniki (kwastoma, rana). Kamar rajistar makaranta ce da aka jera aji-aji, cikin kowane aji kuma suna bi suna. Ka buɗe ajin, sunayen na jere. A nan ne mutane suka fi tuntuɓe: wanda ake tacewa da alamar daidai (=), wato kwastoma, shi ke fara zuwa, na jerawa, wato rana, ya biyo baya. Ka juya su, amfanin ya ragu sosai.

Kada ka yi hasashe, ka sa EXPLAIN ANALYZE a gaban umarnin, ya nuna maka yadda rumbun ya gudanar da shi. Idan ka ga Sort, to jerawa ake yi da hannu. Idan har ka ga external merge, aikin ya fi ƙarfin work_mem, wato ƙwaƙwalwar da aka ware wa irin wannan aiki, wanda asalinsa 4MB ne, ya gangara kan faifai. A MySQL alamar ita ce Using filesort.

Wani lokaci fihirisar daidai take amma rumbun ya ƙi amfani da ita, musamman idan ka nemi mafi yawan teburin ba tare da LIMIT ba. Sau da yawa yana da gaskiya, domin karanta teburin a miƙe ya fi tsalle-tsalle sauƙi. Ka kuma tuna kowace fihirisa tana ƙara wa INSERT nauyi, don haka idan ba wani umarnin da ke buƙatar tsohuwar, ka cire ta.