Mawus mai ƙwallo ga mai rubutun risala: amsata ga Ustaz na Madina

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ustaz, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya.

Na karanta tambayarka. Ka ce kana rubutun risalar majistir, wato kundin digiri na biyu, wuni kake yi tsakanin Shamila, manhajar littattafan addini na Larabci, da Word, kafaɗar dama da wuyan hannu sun fara yi maka ciwo, teburin ɗakinka kuma ƙarami ne. Wani ya ba ka shawarar sayen mawus ɗin nan mai ƙwallo, tirakbol, kana so ka ji ta bakin wanda ya riƙe shi kafin ka saki riyalanka. Ni a Jidda nake, aikina shigar da bayanan alhazai da masu Umara a ofis, kuma shekaru ke nan da shi nake aiki, a ofis da gida.

Ina ganin zai amfane ka. Amma kafin ka je kanti, ka zauna ka tantance ainihin inda ciwon yake, domin shi zai nuna maka irin wanda za ka saya. Wannan na'ura ba ta rage aikin da hannu ke yi, ɗauke shi take yi daga wata gaɓa ta ɗora wa wata. Mawus ɗin da muka saba da shi, duk hannu ne ke tafiya da shi: kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu. Shi kuwa mai ƙwallo yana zaune wuri ɗaya, tafin hannu na kwance a kansa, yatsu kawai ke murza ƙwallon. Akwai ɗan ido a ciki da ke karanta motsin ƙwallon, shi ne ke tura kibiya a fuskar kwamfuta. Saboda haka mai ciwon kafaɗa yakan samu sauƙi, mai ciwon babban yatsa kuwa yana iya ƙara wa kansa wahala idan ya ɗauki wanda bai dace ba.

Ka lura da zamanka yau idan ka buɗe kwamfuta. Idan kana amfani da babban kibod mai lambobi a gefen dama, za ka ga mawus ya tafi can nesa, hannunka a miƙe, kafaɗa a buɗe, haka har a kira sallah. Yawancin ciwon kafaɗar da na gani a wurin abokan aiki daga nan yake. A lokacin Umarar Ramadan, sa'ad da fasfo ke taruwa a gabanmu, mutum sai ya tashi daga aiki yana dafe da wuya. Lokacin da na koma mai ƙwallo, abin da ya fara sauya mini shi ne na jawo shi dab da kibod, gwiwar hannuna ta dawo jikin haƙarƙari, kuma ya zauna a nan domin ba ya buƙatar filin yawo. A ƙaramin tebur irin naka, da mujalladan littattafai a tare dama da hagu, wannan kaɗai ya isa dalili.

Akwai kuma wata fa'ida da ta dace da zamanmu a nan. Da yawanmu a ƙasa muke aiki, a kan kafet, laftof a bisa ɗan teburi ko matashi. Mawus na yau da kullum yana son wuri mai tauri da santsin fuska, a kan kafet sai kibiya ta yi ta tsalle. Mai ƙwallo bai damu da abin da ke ƙarƙashinsa ba. Ka ɗora shi a kan cinya, ko katifa, ko matashin jingina, aikinsa ɗaya ne. Ba sabon abu ba ne ma, ya girmi mawus. Wani injiniya mai suna Ralph Benjamin ne ya ƙirƙiro shi a 1946 domin na'urar rada ta sojan ruwan Ingila, sojan ruwan Kanada suka yi nasu a 1952, shi kuwa mawus sai a 1968 Douglas Engelbart ya nuna wa jama'a shi a Amurka. Har yau idan ka shiga asibiti ka dubi na'urar sikanin, za ka ga ƙwallo a tsakiyarta, saboda a wurin da babu fili shi ne ke aiki.

To, iri biyu ne, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani sosai.

Na farko shi ne na babban yatsa. Siffarsa kamar mawus ɗin da ka sani, ƙwallon yana gefen hagu, babban yatsa ke murza shi kamar mai jan carbi, sauran yatsu suna kan madannai da 'yar tayar gangara shafi yadda suka saba. Irin su Logitech M575 da MX Ergo ke nan, ƙwallonsu milimita 34. M575 batir ɗaya yake ci, kamfanin ya ce yakan kai wajen shekara 2. MX Ergo caji ake yi masa, kuma ana iya karkata shi digiri 20 don kada sangalin hannu ya kife gaba ɗaya. Wannan iri ya fi saurin sabo, shi ya sa mutane suka fi sayensa. Sai dai duk aikin tura kibiya ya koma kan yatsa ɗaya, yatsan da dama shi ke wahala a kan waya dare da rana. Da irinsa na fara, kafaɗata ta huta, amma a lokacin da aiki ya yi yawa gindin babban yatsana kan yi tsami da yamma. Idan kai ma ciwon wuyan hannun da ka ambata yana ta gefen babban yatsa ne, musamman idan ka dunƙule hannu ko ka ɗaga buta ka ji ya soke ka, to ka bar wannan iri. Jijiyoyin da ke motsa yatsan ne ke kumbura a nan, kuma ƙara musu aiki ba zai taimaka ba.

Na biyu shi ne na sauran yatsu. Ƙwallon babba ne, yana sama a tsakiya, manuni da na tsakiya da mai bi masa ke tura shi, wani lokaci har da tafin hannu. Kensington Expert da SlimBlade ƙwallonsu milimita 55 ne, Elecom Huge 52, Kensington Orbit 40. Girman ƙwallon yana ba shi nauyi, ka ɗan cilla shi sai kibiya ta tsallaka daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ka tare shi da yatsa. Aikin ya rabu tsakanin yatsu uku, babu wanda ke ɗaukar kayan shi kaɗai. Shi nake amfani da shi yanzu, kuma shi nake ganin ya dace da kai.

Dalilina na farko karatu ne. Mai risala rabin wuninsa gangara shafi yake yi a cikin littattafan da aka ɗauka hoto. Expert yana da zobe kewaye da ƙwallon, shi ake juyawa shafi ya sauka ko ya hau, akwai kuma Orbit mai irin wannan zoben. SlimBlade ƙwallon da kansa ake murɗawa. Juya zobe da yatsu biyu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kaɗa 'yar taya da manuni sau ɗaruruwa. Ka duba wannan da kyau kafin ka saya, domin akwai masu ƙwallo da ba su da zobe kuma ba su da taya, kamar tsohon Logitech Marble. Yana da daɗin riƙo, amma ga mai karatu irinka rashin abin gangarawa zai dame ka.

Dalili na biyu ya fi mini muhimmanci: waɗannan na Kensington gefensu biyu iri ɗaya ne, hannun hagu ma yana iya riƙe su. Kai da hannun dama ke ciwo, ka mayar da shi hagu, ka sauya madannai a cikin saitin Windows. Hannun dama ya huta, ya koma riƙe biro da buɗe shafin littafi. Mawus na yau da kullum yana da wuyar koyo da hagu, amma babban ƙwallo ba haka ba ne, tunda dama sabon abu hannun zai koya ko da wanne ka fara. Na babban yatsa kuwa yawancinsu na dama ne kawai, sai Elecom da ke da na hagu.

Yanzu bari in faɗa maka inda zai ba ka haushi, don kada ka ce ban gaya maka ba. Jan abu shi ne rauninsa, wato ka danne madanni kana murza ƙwallo a lokaci guda. Aikinka kuwa cike yake da wannan: zaɓen nassin hadisi daga Shamila, kwafe shi, kai shi Word, gyara hamishi, wato bayanan ƙasan shafi. Rubutun Larabci mai wasulla, ga lambobi da baka a tsakiya, ko da mawus ɗin da aka saba zaɓensa yana gardama. Maganin shi ne ka daina ja. Danna a farkon nassin, ka riƙe Shift, ka danna a ƙarshensa, duk abin da ke tsakani ya zaɓu. A cikin Word, danna sau biyu yana ɗaukar kalma, sau uku sakin layi gaba ɗaya, idan ka riƙe Ctrl ka danna sau ɗaya kuma jimla ce. Windows yana da wani saiti mai suna ClickLock a wajen saitin mawus: ka danne madanni na ɗan lokaci ka saki, shi zai ci gaba da riƙewa har sai ka sake dannawa. Idan naka mai madanni huɗu ne, manhajar kamfanin tana ba ka damar ɗora kwafa a kan ɗaya, liƙawa a kan ɗaya. Wallahi Ustaz, ko ba ka sayi komai ba, ka koyi waɗannan, za su rage wa hannunka rabin wahala.

Zane mai buƙatar layi a miƙe da wasannin harbi na kwamfuta, mawus ya fi shi. Ba su ne damuwarka ba.

Kwanakin farko kibiya za ta riƙa wuce inda ka nufa. Ka rage saurinta a saiti, idan hannu ya faɗa sai ka ƙara a hankali. Ka sa tsohon mawus a cikin jaka, domin muddin yana kan tebur hannunka zai koma masa duk lokacin da kake sauri, sabon kuma ba zai zauna ba. Abokan aikina da suka gwada, waɗanda suka haƙura mako biyu zuwa uku sun zauna a kansa, waɗanda suka ajiye kuwa a makon farko suka ajiye.

Sai tsafta, wadda mutane ke mantawa sannan su ce na'urar ta lalace. Ƙwallon yana zaune ne a kan 'yan duwatsu uku masu santsi. Ƙura da maiƙon hannu suna taruwa a kansu, sai ka ji ƙwallon ya yi nauyi, yana tafiya yana cijewa. Ƙurar ƙasar nan ka santa, ko taga a rufe take sai ta shigo, mu a Jidda kuma ga gumi saboda laimar teku. Duk mako ka cire ƙwallon. Manya ɗaga su kawai ake yi, ƙananan kuma akwai rami a ƙasa da ake turo su da yatsa ko gindin biro. Ka goge duwatsun nan uku da auduga ko ƙyalle, ka hure wajen idon, ka mayar. Minti ɗaya ne. Kada ka zuba masa mai kowane iri. Idan ka wanke ƙwallon da sabulu zai yi gardama na ɗan lokaci, ka murza shi a tafin hannunka sai santsin ya dawo. Ka kuma tsane hannu bayan alwala kafin ka taɓa shi, haka idan ka ci dabino ko ka tashi daga kan kabsa, shinkafar nan mai nama da maiƙo, don danƙo da maiƙo su ne abokan gabarsa. Masu yara a gida su kula, babban ƙwallo da an kifa na'urar yake faɗowa, kuma idan ya sha ƙasa a kan tayil yana iya samun tabo.

Ina roƙonka abu ɗaya. Idan abin ya wuce tsami ya kai ga sagewa ko jin kamar ana tsira maka allura a babban yatsa da manuni da na tsakiya, musamman idan yana tashinka cikin dare, ko abu ya fara suɓuce maka daga hannu, ka je ka ga likita. Wannan alama ce ta jijiyar da ke ratsa wuyan hannu ta matsu, kuma sauya mawus ba ya maye gurbin dubawa. Ko da mai ƙwallon ne, kada ka bar wuyan hannu ya lanƙwashe sama. Manyan suna da tudu, shi ya sa Expert ke zuwa da matashin hannu. Idan naka bai zo da shi ba, ka naɗe ɗan tawul ka sa a ƙarƙashi. Kuma ka riƙa tashi kana miƙe hannu, kada ka jira sai kiran sallah ya tashe ka.

Wajen saye, na Logitech sun fi sauƙin samuwa, ka duba kantin Jarir ko shafukan saye na Amazon da Noon. Na Kensington da Elecom an fi samunsu ta intanet. Kuɗinsu ya ninka na mawus na yau da kullum sau da yawa, kuma na san kuɗin ɗalibi a ƙirge yake, don haka ka karanta sharaɗin mayarwa kafin ka biya, ka kuma ajiye kwali da rasit. Idan Expert ya yi maka tsada, Orbit mai zobe ya fi araha kuma zai yi maka aikin. Girman hannu ma yana da tasiri, idan akwai wani a cikin ɗalibai da ke da shi, ka roƙa ka ɗora hannunka a kai ko na rabin sa'a ne.

Kada kuma ka sauya a makon da mushrif, malamin da ke duba risalarka, ke jiran babi daga wurinka, domin aikinka zai rage sauri a farkon. Ka bari sai ka miƙa wanda ke hannunka, ka fara da shi a lokacin tattara nassoshin babi na gaba, inda karatu ya fi rubutu yawa.